The Beatles, Kyamara a Fili, da Hoton Batsari da Safana

 Yau za mu leƙa Ingila, daga nan mu dawo gida.

In an ce Liverpool, yawancinmu ƙwallo ke faɗo mana a rai. To, garin nan ne ya haifi The Beatles, mawaƙa huɗu: John Lennon, Paul McCartney, George Harrison da Ringo Starr. Abin da ke burge ni da su, waƙarsu ba ta da hayaniya, muryoyi ne da ke hawa kan juna lafiya lau, ga jita, ga ganga.

Farin jini ya yi musu yawa har ya zama wahala. Ihun 'yan kallo kan danne waƙar, gidajen talabijin kuma kowa na kira. Sai suka ce bari a ɗauke mu a fim a aika. A watan Mayu 1966 suka shiga lambun Chiswick House a Landan, aka ɗauki "Paperback Writer" da "Rain" cikin bishiyoyi. A Janairu 1967 kuma suka yi "Strawberry Fields Forever" a Knole Park, har da juya hoto baya, ka ga Paul kamar ya yi tsalle daga ƙasa ya hau bishiya. Ku lura fa, tashar MTV sai 1981 ta zo.

To ina ruwanmu? Bidiyon da aka ɗauka a fili yana adana waƙa, yana kuma adana wurin. Shekara kusan sittin ke nan, har gobe masoyansu na zuwa ganin lambun nan.

Yanzu rubuta Batsari ko Safana a YouTube. Me zai fito? Yawanci hari, garkuwa da mutane, dajin Rugu. Gaskiya ne, an sha wuya, ba mai musu. Amma ina duwatsun Ruma da damina? Ina gonakin gero, ina ranar kasuwa, ina hawan Sallah? In ba mu ɗauka ba, jikokinmu za su zaci kuka kawai aka yi a nan.

Don haka matasa masu waƙa da masu ɗaukar hoto, wayar hannunku ta fi kyamarar 1966 sauƙin aiki. Ku fito daga situdiyo. Amma don Allah ban ce a shiga daji ba, rai ya fi bidiyo. Bakin gari ya isa, da safe ko da la'asar lokacin da haske ke da taushi. Ku nemi izinin mai gona, kada ku ɗauki fuskar kowa sai ya yarda.

Wane wuri ne a garinku ya cancanci shiga bidiyo? Ku faɗa mana a ƙasa. Allah Ya ba mu zaman lafiya. Sai mako na gaba.