Injin Gogar Katako Mai Ganga: Wanne Ya Dace da Ƙaramin Shago?



Da yawa daga cikinmu mazauna birane sun keɓe ɗaki a bayan gida suna taɓa aikin kafinta a ranakun hutu, wasu kuma suna tanadin kayan aiki domin lokacin ritaya. Duk wanda ya taɓa goge fuskar tebur da samfefa a hannu ya san wahalar abin. Shi ya sa ake sha'awar injin gogar katako mai ganga. To, da yake kuɗinsa ba kaɗan ba ne, ya kamata mu san shi kafin mu saya.

Ganga ce ta ƙarfe da ake naɗe wa samfefa, tana juyawa, bel kuma yana jan katako ta ƙarƙashinta har fuskarsa ta yi sumul, kaurinsa ya daidaita.

Iri biyu ne. Na farko mai buɗaɗɗen gefe, wanda aka riƙe gangarsa ta ɓangare ɗaya, kamar Jet 16-32 da SuperMax 19-38. Lambobin nan suna da ma'ana: faɗin gangar na Jet inci 16 ne, amma idan aka juya katako aka sake turawa, zai goge mai faɗin inci 32. Aibinsa shi ne idan ba a daidaita gangar sosai ba, sai ta bar layi a tsakiyar katakon. Na biyu mai rufaffen gefe, wanda aka riƙe ta ɓangarori biyu. Ya fi ƙarfi da tsayuwa, wasunsu ma ganga biyu gare su, amma katakon da ya fi bakinsa faɗi ba zai shiga ba, ga nauyi, ga cin wuri da wuta. A ganinmu, mai ƙaramin shago na farkon ya ishe shi.

Sai abubuwa uku da za mu kiyaye. Na ɗaya, wuta. Ƙananan injunan da ake yi domin kasuwar Amurka suna aiki da bolt 120 da zagaye 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 230 ce da zagaye 50. Taransifoma za ta gyara ƙarfin wutar, amma motar za ta rage gudu, tana iya yin zafi. Gara a nemi wanda aka ƙera domin Turai.

Na biyu, haƙuri. Wannan inji ba na fere katako ba ne. Kada a ci fiye da rabin milimita a turawa ɗaya, in ba haka ba samfefa ta toshe, katako ya ƙone. A fara da lamba 80, a bi da 120, a ƙare da 180. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku, ƙura. Tun 1995 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa kansa, ƙurar loko kuwa tana tayar da asma. Wanda kuɗinsa bai kai ya haɗa da injin zuƙe ƙura da takunkumi ba, ya dakata tukuna.