Soyayya Cikin Yaƙin Biyafara: Hirarmu Kan Littafin Half of a Yellow Sun

Ga waɗanda ba su samu sauraren shirin ba saboda data ko rashin sabis, ga shi mun rubuto muku yadda aka gabatar. Gaisuwa ga 'yan Jega, Aliero da Maiyama, musamman ɗaliban jami'a da ke bibiyarmu kowane mako.

Yau littafin Turanci muka ɗauko, Half of a Yellow Sun, na Chimamanda Ngozi Adichie. Ya fito a 2006, ya ci kyautar Orange a Ingila a 2007, aka mayar da shi fim a 2013. Sunan daga tutar Biyafara yake, wadda ke ɗauke da rabin rana. Ina gaya muku tun yanzu, zan ɗan fasa ƙwai, wanda bai karanta ba ya yi haƙuri.

To, mene ne labarin? Wasu tagwaye ne 'yan ƙabilar Ibo, Olanna da Kainene, 'ya'yan wani attajiri. Olanna ta bar daular gidansu ta bi Odenigbo, malamin lissafi a jami'ar Nsukka. Kainene kuma tana tare da wani Bature, Richard. Sai Ugwu, yaron gida ɗan ƙauye, wanda da idonsa muke ganin abubuwa da yawa. Suna cikin rayuwarsu ta 'yan boko, ana ci ana sha ana gardamar siyasa, sai ƙasa ta rikice. Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, na ramuwa a watan Yuli, kashe-kashen Ibo a biranen Arewa, Ojukwu ya ɓalle ranar 30 ga Mayu 1967, yaƙi ya ɓarke a Yuli, bai ƙare ba sai Janairu 1970.

Abin da ya fi kama ni shi ne yadda yaƙi ya sauya ma'anar so. A farko soyayyar irin wadda muka saba ce a littattafanmu: kishi, uwar miji ba ta son amarya, miji ya ci amana. Har Odenigbo ya haifi 'ya da wata yarinyar ƙauye, Olanna ta karɓi jaririyar ta raine ta. To da yunwa ta shigo, duk wannan ya zama ƙaramin abu. So ya koma wa zai tsaya layin abincin agaji, wa zai haƙura da nasa rabon don yarinya ta ci, wa zai ja wani cikin rami in jirgi ya taso. Tagwayen nan sun daɗe ba sa ga maciji saboda wata cin amana tsakaninsu, yaƙi ne ya shirya su. Daga baya Kainene ta tsallaka bakin daga don sayo abinci ga 'yan gudun hijira, ba ta dawo ba. Haka littafin ya ƙare, babu gawa, babu labari. Duk gidan da aka taɓa ɗauke musu wani a hanya, suka kwana suna jiran waya, sun san wannan irin jiran.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ɗan Arewa ba zai karanta littafin nan ransa bai sosu ba. Akwai wurin da ake yi wa kisan Sardauna dariya. Akwai Kano, Sabon Gari, inda maƙwabci Bahaushe da ake ci tare ya shiga cikin masu kashe kawun Olanna da matarsa. Wasu daga nan suke rufe littafin, su ce an zage mu.

Ni ina da magana biyu a kai. Ta farko, kisan ya faru. Dubban mutanen Gabas sun mutu a Arewa a 1966, wannan ba ƙirƙirar marubuciya ba ce, kuma musunsa ba ya ƙara mana daraja. Ta biyu, ba ta yi mana kuɗin goro ba. Wanda ya ceci Olanna ranar, Mohammed ne, tsohon saurayinta Bakano. Ya sa ta yafa gyale, ya ɗauke ta a mota ya kai ta tashar jirgin ƙasa, alhali ta riga ta bar shi ta zaɓi wani. Kuma nata mutanen ma ba ta wanke su ba. Ugwu da muke ƙauna, da aka kama shi aka sa shi soja, ya shiga cikin masu yi wa wata yarinya fyaɗe. Kenan yaƙi ba ya tambayar ƙabila kafin ya ɓata mutum.

Amma gaskiya ne, labarin daga ɓangare guda aka ba da shi. Chimamanda an haife ta a 1977, bayan yaƙin, kakanninta maza biyu a cikinsa suka rasu. Ta zauna da iyayenta da danginta ta saurara, ta rubuta. Ba aikinta ba ne ta rubuta namu. In kana neman labarin so da mutuwa daga ɓangarenmu, ai ga shi nan kusa: Hafsatu, uwargidan Sardauna, tare da mijinta aka harbe ta a Kaduna daren 15 ga Janairu. Littattafai nawa na hikaya muka rubuta a kanta? Bature Gagare a Ƙarshen Alewa Ƙasa, 1982, ya taɓo abin da wasu sojoji suka koma bayan yaƙin, amma irinsa ba su da yawa.

Ku tuna, lokacin yaƙin babu Jihar Kebbi, sai 1991 aka ƙirƙiro ta. Muna Jihar Arewa maso Yamma ne, hedikwata Sakkwato. Daga wannan yanki ma samari sun shiga soja, wasu sun bar amare, wasu ba su dawo ba. Wanda yake da shekara 20 a 1967 yau yana dab da 80. Kowace shekara raguwa suke, kuma kowa ya tafi, da labarinsa yake tafiya.

Kada wani ya ce tsohon zance ne. Albasar Aliero har Onitsha da Aba take zuwa. Ɗan Ibo na nan da shagonsa a Jega, yaransa Hausa suke ji ras. A 2021 mun ga yadda rikici ya sa aka tsayar da kai albasa Kudu, manomi ya yi asara, mai saye ya sha tsada. Sannan kullum a Facebook da TikTok, yaran da ba su taɓa jin ƙarar bindiga ba suna kiran a raba ƙasa ko a gwabza. Wanda bai san dafin kunama ba shi ke wasa da bindinta.

Don haka aikin gida na wannan mako biyu ne. Ku nemi littafin ku karanta har ƙarshe, ko da ranku ya ɓaci a tsakiya. Sannan duk mai kaka ko tsohon soja a unguwarsu, ya je ya gaishe shi, ya nemi izini, ya kunna rikoda a waya. Ku tambayi tsofaffin mata ma, su da suka yi jiran. Wa ya sani, ƙila marubucin da zai ba da namu labarin yana Maiyama yanzu haka yana karanta wannan.

Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa, amma ban da zagin ƙabila, za mu goge. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako na gaba, wassalamu alaikum.