Horon doki ya riƙe tafiyar sannu: jawabi ga makiyaya da fataken shanu



Yau kan doki za mu yi magana. Wani zai ce mi ya haɗa ƙungiyar kare haƙƙin makiyaya da horon doki? Abin da ya haɗa su shi ne burtali. Dokar karkara ta 1993 da dokar makiyaya ta 2010 sun tabbatar muna da hanyoyin wucewa da mashaya a Nijar. Amma da damina burtali gona ce dama, gona ce hagu. Idan dokin mai kora ya zabura a bayan garke, shanu sun watse cikin hatsi, sai ɓarna, sai tara, wani lokaci har jini. Ba mu manta abin da ya faru a Toda, cikin jihar Maradi, a 1991 ba. Duk abin da zai rage dalilin faɗa aikinmu ne.

Ku kuma fatake kun san saniyar da aka kora da gudu daga Dakoro ko Abalak ta bar namanta a hanya, dillali kuma ba ya sayen gajiya. Doki a tafiyarsa ta sannu yana cin wajen kilomita 6 a awa, garke bai kai haka ba. Ke nan dokin kora sai ya koyi haƙuri.

Na farko, mu duba jikinsa kafin mu ce halinsa ne. Doki mai miki a baya, ko wanda sirdi ke matsa, ko wanda linzami ya yanke wa harshe, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Haka wanda aka cika da gero aka bari a turke kwana da kwanaki. A rage hatsi, a ƙara harawa da ciyawa, a ba shi ruwa ya ƙoshi, a riƙa fita da shi kullum.

Na biyu, shekaru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba a ɗora masa kaya. Duƙushi yana fidda haƙoran gaba na tsakiya yana da shekara 2 da rabi, bakinsa ba ya cika sai ya kai 5. Kafin shekara 3 a ja shi da ragama a ƙasa, ya saba da shanu, da ƙura, da kukan mota. Idan mun tsaya ya tsaya, idan mun taka ya taka.

Na uku, hannun mahayi. Kuskurenmu babba shi ne riƙe linzami tamau tun daga gida har zango. Dokin da ake ja kullum bakinsa yana mutuwa, sai ya koma ja da mai shi. Idan ya ɗaga ƙafa zai yi sauri, a ja kaɗan. Da ya sassauta a sake masa nan take. Sakin nan shi ne ladarsa, da shi yake gane abin da ake so. Idan ya ƙi, a juya kansa gefe guda ya kewaya sau biyu ko uku, sannan a miƙe. Mu zauna sosai cikin sirdi, mu ɗauke diddige daga cikinsa, a aje ƙaimi da bulala a gida. Alamar ya natsu ita ce ya sauke wuya, kansa yana kaɗawa, ana jin takunsa huɗu ɗaya bayan ɗaya.

Na huɗu, hanyar komawa. Kowane doki yana ɗokin turkensa. Kada a taɓa sukuwa in an fuskanci gida. In an iso, a wuce ƙofa a sake dawowa, kuma kada a zuba masa hatsi da saukarsa, sai ya huce.

Na biyar, samarinmu. Dokin da aka yi wata uku ana horo, yamma ɗaya ta tsere ranar salla ko ranar kasuwa ta isa ta ɓata shi. Ba mu hana ƙilisa ba, amma dokin kora daban, na sukuwa daban. Wanda ke da guda ɗaya ya zaɓi aikin da ke ciyar da gidansa.

A fara da ɗan lokaci, safe da marece, kusa da tsohon doki mai sanyin hali. Daga nan a bi garke daga nesa, a riƙa matsowa kwana bayan kwana. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Muna roƙon kowane ardo ya kai wannan magana rugarsa kafin shanu su hau arewa. Allah ya tsare muna dukiyarmu, ya ba mu zaman lafiya da ƴan uwanmu manoma.