Kumburin Muƙamuƙi da Idon Malami: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Reshe



An saba idan muka taru maganar albashi da ƙarin girma ce ke cinye zaman. Yau muna neman izini mu yi magana a kan wata cuta da kan shigo mana aji, ta zauna a benci, mu kira sunanta a rajista ba tare da mun gane ta ba.

Wasunmu sun taɓa ganin yaro ɗan aji ɗaya ko aji biyu ya zo da kumburi a gefen fuska. A ce hangum ne, ko ciwon haƙori. Bayan mako biyu fuskar ta karkace, haƙora suna girgiɗa, wani lokaci ido ya turo waje. A kai shi wurin wanzami a yi sakiya, a shafa magani, daga nan sai a daina ganinsa. Mu ma mun taɓa rubuta "ba ya zuwa" a gaban sunan irin wannan yaro har zangon karatu ya ƙare, ba mu bi sawu ba.

Wannan ciwon daji yana da suna da tarihi. A shekarar 1957 wani likitan tiyata ɗan Ailan, Denis Burkitt, yana aiki a asibitin Mulago da ke Kamfala a Yuganda, aka kawo masa yaro da kumburi a muƙamuƙi sama da ƙasa. Ba da jimawa ba ya ga wani mai irinsa. Ya koma ya tono tsofaffin takardun asibiti, a 1958 ya wallafa bayanin cutar, wadda yau ake kira da sunansa. Wuƙa ce sana'arsa, amma wuƙa ta kasa. Ciwon yakan kama muƙamuƙi da ciki da ƙoda a lokaci guda, kuma yana cikin masu saurin girma a duk ciwon dajin ɗan'adam, domin ƙwayoyinsa kan ninka cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Idan an yanke nan, sai ya ɓullo can.

A lokacin, ilimin tiyata ya ginu ne a kan koyarwar William Halsted na Amurka, wanda tun ƙarshen ƙarni na 19 yake cire nono da naman ƙirji gaba ɗaya don maganin sankarar mama, bisa tunanin cewa yawan yanka shi ne yawan waraka. Maganin sha ko na allura kuwa sabon abu ne. Asalinsa ma abin mamaki ne: daga gubar yaƙi aka samo na farko, aka gwada shi a Jami'ar Yale a 1942. A 1948 Sidney Farber na Boston ya ba da rahoton cewa wani magani ya kwantar da sankarar jini a jikin yara, sai dai na 'yan watanni kawai.

A Afirka ne aka ga abin da ba a zata ba. Da Burkitt da abokan aikinsa suka fara ba yaran magunguna irin su methotrexate da cyclophosphamide a farkon shekarun 1960, kumburin da ya gagari wuƙa ya riƙa narkewa cikin kwanaki, wasu yaran suka warke sarai bayan allura ɗaya ko biyu. A nan Nijeriya, Victor Anomah Ngu, likitan tiyata ɗan asalin Kamaru, ya yi irin wannan aiki a asibitin koyarwa na Ibadan. A 1972 shi da Burkitt suna cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a Amurka saboda maganin ciwon daji. Ya kamata mu riƙa faɗa wa ɗalibanmu wannan a darasin kimiyya, su san cewa a ƙasarsu aka yi wani ɓangare na binciken.

Me ya haɗa mu da wannan labari, mu da ke tsakanin gonakin masara da auduga? A 1961 Burkitt ya yi tafiyar kusan mil 10,000 a mota yana bin asibitocin gabashi da kudancin Afirka, ya gano cutar tana bin wuraren zafi da ruwan sama, wato inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A 1964 aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a cikin naman da ya aika Landan. Haɗuwar wannan ƙwaya da zazzaɓi mai yawan dawowa ita ke buɗe wa ciwon ƙofa. Mu kuwa ba sai an faɗa mana halin damina a nan ba. A shekarun 1970 masana daga Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful sun zauna a yankin Malumfashi suna nazarin cututtukan da suka zaunu a ƙauyukanmu, zazzaɓi na cikinsu. Ciwon ya fi kama yara 'yan shekara 4 zuwa 7, maza sun fi yawa. Su ne ke gabanmu kowace safiya.

Ba mu ce malami ya zama likita ba. Yawancin kumburin fuska ba ciwon daji ba ne. Amma hangum kan sauka cikin kwana goma. Kumburin da ke ƙaruwa kullum, sau da yawa ba zafi, haƙora na motsi, ko ciki ya tasa ba dalili, wannan na asibiti ne a makon nan, ba bayan an sayar da masara ba. Asibitin koyarwa na Shika yana bakin hanyarmu ta zuwa Zariya, kuma ana kula da ciwon daji a can.

Akwai tarko na biyu, wanda saurin aikin maganin ke haifarwa. Uba ya ga fuskar ɗansa ta koma daidai bayan zagaye na farko, kuɗi sun ƙare, gona tana jira, sai ya ɗauko shi su dawo gida. Ciwon ya dawo da ƙarfi, kuma a karo na biyu ya fi wuyar magani. Uban da ba zai saurari baƙon likita ba yakan saurari malamin ɗansa, musamman idan an je tare da mai unguwa ko liman.

Saboda haka muna roƙon shugabannin reshe abu biyu: a gayyato ma'aikacin lafiya a taro na gaba ya nuna mana hotuna mu san kamannin abin, kuma kowane hedimasta ya sa a bi sawun duk yaron da ya yi mako guda ba ya zuwa saboda rashin lafiya.