Waiwaye Adon Tafiya: Darasi Daga Masu Rubuta Manhajar Kwamfuta

Malam shugaban taro, shugabannin ƙungiyarmu na Anka, Gummi da Bukkuyum, iyayenmu shugabannin makarantu, 'yan'uwa malamai maza da mata, muna yi muku barka da zuwa.

An ɗora mana nauyin yin bayani a kan dabarar da masu rubuta manhajar kwamfuta ke bi wajen adana tarihin gyare-gyaren aikinsu. Wataƙila wani zai ce ina ruwan malamin firamare da wannan. Amsar tana cikin wayoyinmu. Sakamakon jarrabawa, jerin sunayen malamai da tsarin darussa duk sun fara barin takarda suna komawa na'ura, suna yawo a WhatsApp. Wannan a sa masa suna "na ƙarshe", wancan "na ƙarshe gyararre". Ranar da makin yaro ya juye daga 64 zuwa 46, ko sunan malami ya ɓace daga jerin da za a kai wajen tantancewa, babu mai iya faɗin wanda ya canza, ko ranar da ya canza, balle dalilinsa. A nan haƙƙi yake salwanta.

Masu manhaja sun sha wannan wahala kafin mu. A 2005, Linus Torvalds, ɗan asalin ƙasar Finlan, ya ƙirƙiro wata manhaja mai suna Git domin dubban mutanen da ke aikin Linux, wato tushen da aka gina wayoyin Android a kansa. Kyauta ce ga kowa. A 2008 aka buɗe dandalin GitHub, inda ake ajiye irin waɗannan ayyuka, kuma a 2018 kamfanin Microsoft ya saye shi a kan dala biliyan 7.5.

Tushen dabarar abubuwa huɗu ne. Na farko shi ne rumbu, wato jakar da ke ɗauke da aikin tare da tarihinsa baki ɗaya. Na biyu shi ne ajiya. Duk sa'ad da mutum ya kammala gyara, sai ya rufe shi da sunansa da kwanan wata da taƙaitaccen dalili, kamar "an gyara makin lissafi na aji biyar bayan sake duba takardu". Sabon ba ya shafe tsohon, kuma ana iya komawa kowane mataki a ga layin da aka ƙara da wanda aka cire. Na uku shi ne reshe. Mai son gwada sabon tsari sai ya ɓalle gefe ya yi gwajinsa, uwar aikin tana nan yadda take. Na huɗu shi ne haɗewa. Idan reshen ya yi kyau, a mayar da shi cikin uwa. Idan kuwa mutum biyu sun gyara layi guda, kowa da nasa, Git ba ta zaɓa musu. Tsayawa take yi ta nuna saɓanin, sai sun daidaita.

Akwai wata hikima da ta cancanci a tsaya a kanta. Kowace ajiya tana da lambar shaida da ake lissafowa daga abin da ke cikinta da kuma lambar wadda ta gabace ta. Saboda haka wanda ya koma baya ya taɓa tsohuwar ajiya a ɓoye, lambobin duk waɗanda suka biyo bayanta za su sauya, asirinsa ya tonu da zarar an gwada da kwafin wani. Wannan ba baƙon tunani ba ne a ƙasarmu. Magabatanmu masu kwafar littattafai da hannu sukan rubuta sunansu a ƙarshen littafi, almajiri kuma yakan lissafo silsilar malaman da karatu ya biyo ta hannunsu.

Abin da ya fi dacewa da halin da muke ciki shi ne, duk wanda ya kwafi rumbu ya kwafi tarihin gaba ɗaya, kuma yana iya yin ajiya ba tare da intanet ba. Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe makarantu, aka kuma katse layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Aikin da ke kan na'ura guda yana iya tafiya tare da ita. Wanda ke da kwafi a Anka da Gummi da Bukkuyum kuwa, sai dai a jira hanya ta buɗe a haɗa.

Sai dai a yi hattara. Git ta fi gane zallar rubutu, ba ta nuna bambancin layi da layi a fayilolin Word da Excel yadda ya kamata. Ga irin waɗannan, Google Docs da Google Sheets suna da wurin duba tarihin gyara. Haka kuma sunaye da makin yara amana ce, bai halatta a ɗora su a rumbun da duniya ke gani ba.

Shawararmu ga rassan ƙungiya ita ce a fara da abin da ke hannu. Kowane fayil ya ɗauki kwanan wata a sunansa. Kada a goge tsoho. Duk mai gyara ya rubuta sunansa da dalilinsa, ko da a littafin rajista ne. A ajiye kwafi a wuri biyu aƙalla. Sannan kowane reshe ya zaɓi malamai biyu su koyi Git, su koyar da saura, su kuma nuna wa 'ya'yanmu masu sha'awar kwamfuta, domin duk inda suka nemi aikin manhaja za su tarar da ita.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sa albarka a aikinmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.