Guzurin Maniyyaciya

 Kakanninmu sai sun keta Cadi da Sudan, sannan su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Ke kuwa daga filin jirgin Sakkwato, sa'o'i kaɗan kin isa. Amma sai da shiri.

Kuɗin kujera dai a biya ta Hukumar Alhazai ta jiha, maigida ya karɓo rasit. Kada a damƙa wa dillali, komai zaƙin bakinsa.

Sai batun ruwa. Wasu kan ƙi sha tun daga gida don kunyar shiga bayin jirgi, su sauka a galabaice. Haba Hajiya! Iskar jirgi busasshiya ce, ruwan da abincin kuma suna cikin kuɗinki. Ki sha. In ƙofar bayi ta gagare ki, kira ma'aikaciya.

Gorar fura ba ta wuce wurin bincike, don abin sha da ya haura mililita 100 karɓewa ake yi. Goro ma a bar shi gida. Maganinki ya zauna a jakar hannu, kuma kada ki riƙa wa kowa saƙon da ba ki buɗe ba.

Allah Ya kai ku lafiya. Sai mako mai zuwa.