Jawabi A Kan Kalmar Da Ke Ka Da Masu Ita

Mun gode da ku ka zo, ga shi kuwa lokacin aikin gona ne.

Makon jiya wani dattijo daga cikin 'yan ajinmu ya same mu bayan an tashi, ya ce shi ya gaji, zai bar karatu. Mu ka ce, "Baba, me ya yi zafi?" Ya ce ya rubuta wa ɗansa takarda, wurin da ya ke so ya ce "ga shi na aiko maka da goro", sai ya haɗe kalmomi biyu ya rubuta "gashi". Jikokinsa su ka gani su ka yi ta dariya, wai kaka zai aika da gashi birni. Ya ce in dai haka ne, boko ba na tsofaffi ba ne. Saboda shi, da duk wanda irin wannan kunya ta taɓa kamawa, yau za mu ba ku labarin wata kalma ta waɗansu mutane can nesa.

Akwai wata ƙasa a Turai ana kiranta Sifen. Tana arewa da Maroko, wani ɗan siririn teku ne ya raba su. A can ne Andalus ɗin da malamanmu ke ambata ta ke, inda Musulmi su ka yi mulki daga shekara ta 711, daularsu ta ƙarshe ta faɗi a 1492. Harshen ƙasar, watau Sifaniyanci, ya bazu ƙwarai. Mutum wajen miliyan 500 ne su ka sha shi a nono, mafi yawansu a Meziko da ƙasashen Amurka ta Kudu. Ko a nan Afirka shi ne harshen hukuma a Ikwatoriyal Gini, wadda ba ta da nisa da Kalaba.

To, a cikin harshen nan akwai wata kalmar aiki, irin wadda malaman Arabiyya ke kira fi'ili. Ga ta mun rubuta a allo: haber. Ba a yin hira ko ta minti ɗaya ba a faɗe ta ba, duk da haka tana cikin kalmomin da su ka fi ba masu harshen wahala wajen rubutu. Dalili biyu ne. Na fari, harafin h da ke gabanta ana rubuta shi amma ba a faɗinsa, "aber" su ke cewa. Na biyu, suna da wani harafi v, wanda babu shi a cikin baƙaƙenmu, su kuwa a bakinsu b da v duk ɗaya ne. Kun ga kunne ba zai taimaki mai rubutu ba ke nan.

Za ku ce, to don me a ke rubuta harafin da ba a faɗa? Gado ne. Sifaniyanci daga Latin ya fito, harshen mutanen Rum na dā, su kuwa habere su ke rubutawa. Da zamani ya yi nisa, sai marubutan Sifen da yawa su ka bi kunne, suna rubuta aver. A shekara ta 1713 aka kafa majalisar masana harshen a Madrid, babban birnin ƙasar. Su ka fitar da ƙamus ɗinsu na fari tsakanin 1726 da 1739, su ka bi asalin kalmar, da h ɗinta da b ɗinta. A kan haka a ke har yau.

Yanzu mu ga yadda a ke jujjuya ta. Mu in za mu faɗi abin da ya wuce mu kan ce na ci, ka ci, ya ci. Kalmar "ci" tana nan zaune, ta gabanta ce ke sakewa. Haka su ma: comido, a faɗa "komido", ita ce ke zaune, haber ke sake riga.

he comido, na ci
has comido, ka ci, ko kin ci
ha comido, ya ci, ko ta ci
hemos comido, mun ci
habéis comido, kun ci
han comido, sun ci

Ku duba, duka shida da h su ka fara, amma ga yadda a ke faɗinsu: e, as, a, emos, abeis, an. Ta biyar ɗin a Sifen a ke jinta. Mutanen Meziko da maƙwabtansu han su ke cewa, ko "kun" su ke nufi ko "sun".

Kalmar tana da wani aiki kuma, ita ce "akwai" tasu. A nan sai ta zama hay, a faɗa "ai". Hay agua, akwai ruwa. Había agua, dā akwai ruwa. Habrá agua, za a sami ruwa. Kamar "akwai" tamu, ba ruwanta da yawan abin, ko littafi ɗaya ne ko goma hay za a ce. In ana fata kuwa sai ta zama haya. Ojalá haya agua, watau Allah ya sa akwai ruwa. Wannan ojalá, da a ke faɗi kamar "ohala", daga Larabcin Andalus su ka gaje ta, 'yar'uwar "in Allah ya so" ce.

Ga ramin da su ke faɗawa. Suna da waɗansu kalmomi biyu, a ver, ver ɗin nan ma'anarta gani. In an faɗe su tare, "aber" za ka ji, daidai da haber. A ce yaro ya tafi aiki birni ya rubuto gida. In ya rubuta va a haber dinero, ya ce za a sami kuɗi. In ya rubuta va a ver dinero, ya ce wani zai ga kuɗi. A baki da ƙyar ka bambanta su, a takarda kuwa magana biyu ce. Wannan ba shi ne "ga shi" da "gashi" na Baba ba?

Yaya malamansu ke maganin abin? Su kan koya wa yara su gwada kalmar kafin su rubuta. In kana shakka ko ha ce mai h, ko kuwa a ce kawai mai nufin "zuwa", sai ka mai da maganar ta mutane da yawa. Ha comido ta koma han comido, ta sake, ashe 'yar gidan haber ce, a ba ta h. Va a comer, zai ci, ta koma van a comer, za su ci, a ɗin ba ta motsa ba, ba ta da h. In kuma tsakanin haber da a ver ne, sai ka tambayi kanka, akwai gani a cikin maganar nan? In akwai, kalmomi biyu ne, da v.

Mu ma sai mu ari dabarar. In ka zo rubuta "ga shi", gwada cewa "ga ta", "ga su". In ta yiwu, kalmomi biyu ne, raba su. Gashin kai kuwa ba ya zama "ga ta". Haka "da wa za ka tafi" da "dawa" ta rumbu: ka iya cewa "da ita", "da su", saboda haka "da wa" a rabe ta ke.

Baba, mutanen nan tun suna goye su ke faɗin haber, da yawansu sun yi shekaru a makaranta, har yanzu su kan tsaya su yi wannan gwaji. Kai kuwa watanka huɗu da kama fensir, ga shi har ka rubuta takarda an karanta. Kada ka bar aji saboda dariyar yara.

Ga aikin mako mai zuwa. Kowa ya rubuto magana biyu, ɗaya da "ga shi", ɗaya da "gashi". Wanda ya iya kuma ya kwafo layuka shidan nan na allo, kada ya manta da h ko ɗaya. Sai ran Laraba, in Allah ya kai mu. Ku sauka gida lafiya.